Matan Bakin Tur'a

Sabitu bai san fuskar mahaifiyarsa ba. Rakiya ta rasu a wani kambo na Jazira a ƙasar Sudan, irin unguwannin bukkokin nan da 'yan ƙwadagon auduga ke zama a bayan gonaki, shi kuwa lokacin ko yaye shi ba a yi ba. Ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, don a kambo wanda ya samu abin kaiwa baki ba ya kai wa mai hoto. Abin da ya gada daga gare ta bai wuce maganar ƙanwarta ba, Inna Kubra, wadda ta goya shi ta kawo shi Darussalam a bayan Umdurman. Ita ce ta ce masa Rakiya doguwa ce, tana da bille a kuncin hagu da wushirya, in ta yi dariya kuwa har gonar maƙwabta ana ji. Da wannan ya girma, yana haɗa fuska a zuci yana rushewa, har ya haura talatin ya ajiye 'ya'ya biyu.

Maganar zanen a bakin murhu ta fito, ba tare da wani shiri ba. Inna Kubra na dama goɗogoɗo, irin furar da take kaiwa kasuwar Suk Libya kullum, Sabitu na gefe yana kankare busasshen fenti daga faratansa da wuƙa, sai ta harare shi ta ce, "Kai da wannan ƙazantar taka. Ka tuna mini da ɗan mufattishin nan da ya zana mu a bakin tur'a, hanyar ruwan gonaki, ni da uwarka."

Sabitu ya ajiye wuƙar. "Wa ya zana wa, Inna?"

"Wani Sharafaddeen, ɗan mai duba gonaki. Ya je karatu Faransa ya dawo da wata hula kamar faifai. In mun je wanki sai ya kafa katakonsa can nesa yana ta dangwale-dangwale. Kwana da kwanaki yana zuwa. Rakiya ce ma ta hana a kore shi, wai a bar mahaukaci ya sha iska."

"Duk shekarun nan, Inna, ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"To mene ne abin faɗa a ciki? Da ɗaurin ƙirji muke, kai ba ɗankwali. Abin alfahari ne?"

Ita ta ci gaba da damunta, shi kuwa tun daga ranar bai sake samun natsuwa ba. Ashe akwai wani katako a duniyar nan da fuskar uwarsa ke kai, a bakin wannan babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin auduga. Ya tambayi direbobi, ya tambayi masu sayar da fenti, ba wanda ya san mutumin. Sai wani ɗalibi ɗan Maraɗi, Badaru, da kan sha goɗogoɗo wurin Inna Kubra, ya ce ai Sharafaddeen sananne ne ga masu ilimin abin. Ya rasu tun kafin sojoji su karɓi mulki, amma zane-zanensa na rataye a wurare biyu uku cikin Hartum, kuma shiga kyauta ne.

To, a nan sai an san ko wane ne Sabitu. Usta ne, wato gwanin sana'a, a wata warsha ta gyaran motoci a Shajara, aikinsa ƙawata lori da hafila, bas ɗin haya ke nan: furanni, ɗawisu, idon da ke kore bakin mutane, ayoyi masu lanƙwasa a goshin mota. Hannunsa ba ya rawa, layinsa kuwa kamar an ja shi da zare. A sana'arsu akwai ƙa'ida guda da ba a takawa: ranar karɓar aiki direba kan matso har hancinsa ya kusa taɓa jikin motar, ya bi layi da babban yatsa, in ya ji tudu ko ya ga fenti ya zarce, an ɓata. Don haka Sabitu ya yi imani, imanin da ba ya karɓar gardama, cewa duk aikin da ke tsoron a matso kusa da shi aikin ha'inci ne.

Ranar wata Alhamis ya yi wanka da sabulu mai ƙamshi, ya sa farar jallabiyarsa ta Idi, ya hau hafila. A bakin gada sojoji suka sauke su, suka duba katin kowa, suka riƙe samari biyu, sauran aka ce su wuce. Wuri na farko wata cibiya ce ta Turawa, mai sanyin na'ura da ƙanshin gahawa. Mai gadi ya dubi faratan Sabitu, ya dubi takalminsa, sannan ya nuna masa ƙofa da haɓa.

A ciki ya tarar da mutane tsaye can tsakiyar ɗaki, nesa da bango, kowa ya karkatar da kai gefe kamar kazar da ta hango shaho. Sabitu ya ɗauka ko dai kunya ce ko iyayi. Shi da ya zo neman fuska, ya ratsa su ya nufi allon farko kai tsaye, ya kai hancinsa inda ya saba kaiwa.

Abin da ya gani ya ba shi ƙyama. Babu layi ko ɗaya. Fenti ne an kwaɓa an lafta, wani kan wani, shuɗi a kan rawaya, ja a inda ba shi da dalili, duk ya bushe tudu-tudu kamar kashin kaji a bayan akurki. Har gashin buroshi ya gani maƙale a ciki, mutumin ko cirewa bai yi ba. A ƙasa an rubuta wai jiragen ruwa ne a kogin Nilu. Sabitu ya nemi jirgi ya rasa, ya nemi Nilu ya rasa. Da yaron shagonsa ne ya yi wannan ɓarnar a jikin lorin mutane, da ranar ya bar sana'a. Ya bi sauran allunan ɗaya bayan ɗaya, duk kanwar ja ce, kuma babu mace ko guda a cikinsu.

Mako na gaba ya je wuri na biyu, wani zaure a makarantar masu koyon zane. Nan babu sanyin na'ura, sai ƙura da kujeru masu karyayyun ƙafafu, don yawancin malaman an sallame su ko sun bar ƙasar. Alluna biyu na Sharafaddeen ne a bango, ɗaya kasuwa, ɗaya gonar auduga. A na gonar Sabitu ya ga wasu abubuwa masu kama da mutane sun duƙa, gabansa ya faɗi, ya matsa. Inda ya kamata a ce fuska ce, dangwale uku ne na ruwan ƙasa da ɗigon shunayya. Ba ido, ba hanci, ba baki.

Wata ɗaliba da ke zaune a ƙasa tana kwafa ta ɗago kai ta ce masa da Larabci, "Ya usta, ja da baya kaɗan. Ba a kallonsa daga nan."

Sabitu ya dube ta sheƙeƙe. "'Yata, ni ma da buroshi nake ci. Mai sayar da ruɓaɓɓen tumatir ne ke cewa a tsaya daga nesa."

Ta ɗaga kafaɗa ta koma kan takardarta. Da zai fita, wani tsohon mai shara ya ji abin da yake nema, ya ce masa zane-zanen matan Jazira ba a nan suke ba. Suna wani gidan ajiye zane a Umdurman kusa da kogi, amma an sauke su an kulle tun da wata lajna, wato kwamiti, ta zo ta ce tsiraici ne.

Gidan, ba sai an faɗi sunansa ba. Tsohon gini ne mai dogon zaure, shugabansa kuwa wani ne Ustaz Rashid, mai gemun da ya tsiro rana ɗaya da juyin mulki. Kullum leɓensa na ƙasa a kumbure yake da garin taba, yana magana yana waigen inda zai tofar, kuma yawanci tukunyar fulawar da ke bakin ofis ce ke shan wahalar. Da Sabitu ya roƙi a bar shi ya ga allunan, Ustaz Rashid ya ce mamnu', an hana, ya juya zai shige. Sai idonsa ya sauka kan hannun Sabitu.

"Kai mai boya ne, mai fenti?"

"Usta ne ni a Shajara. Lori nake zanawa."

"Ka iya zana tob? Tob na mutunci, mayafin mata daga kai har idon sawu?"

Abin nema ya samu. Wani babban jami'i ne zai zo buɗe baje koli a gidan, bangon zauren kuwa fayau yake, don duk abin da ya rage na kirki shi ne na matan nan da lajna ta hana. Ustaz Rashid ya nemi malaman zane su yi wa matan sutura, kowa ya kawo uzuri, wani ciwon hannu, wani tafiya. Shi bai ga abin wahala a ciki ba: a sa musu tufafi, a rataye, kowa ya huta. Sabitu bai ko tsaya jin sauran bayani ba ya ce ya yarda, shi dai a buɗe masa ɗakin.

Ɗakin ajiyar wani siririn lungu ne a bayan makewayi, faɗinsa bai fi mutum ya miƙa hannuwa ba. Zarni na shigowa ta ƙasan ƙofa, kashin ɓera ko'ina, jemage ya yi nasa rabon a saman allunan. Ustaz Rashid ya toshe hanci da gefen rawaninsa, ya jawo allo mafi girma ya jingina da bango, ya haska da tocila. Ya daɗe yana haska kafaɗar wata mata, yana a'uzubillahi yana lasar leɓe, har sai da Sabitu ya ji kamar ya karɓe tocilar ya maka masa.

"Ka gani ko? Fitina tsagwaronta. Ka rufe su tamam, kada ka bar ko wuya."

Da ya fita, Sabitu ya durƙusa gaban allon. Bakin tur'a ne, wannan kam ya gane, don ga wani shafe-shafen kore da toka da zai iya zama ruwa. Ga kuma mata, wasu a tsaye, wasu a duƙe, ana gane su da dogayen shafe na ruwan ƙasa da ke matsayin hannuwa. Ya fara da ta tsakiya, wadda ta fi kowa tsawo. Ya goge kashin jemagen da hannun rigarsa, ya kai fuskarsa dab da tata, yana neman bille a kuncin hagu. Babu kuncin ma balle bille. Ya nemi wushirya, ya tarar da wani farin ɗigo da aka dangwala a karkace, gefensa kore. Wace mace ce Allah ya halitta da kore a haɓa?

Ya bi su duka, allo bayan allo, har gwiwoyinsa suka yi tsami. Wunin ranar bai ci komai ba, kuma ko an ba shi ba zai iya ci ba. Baƙin ciki ya fara zuwa, sannan haushi ya biyo baya ya kore shi. Wato mutumin nan Allah ya ba shi dama, Rakiya ta tsaya a gabansa da ranta da dariyarta, kwana da kwanaki, shi kuwa ɗan gata ya tsaya yana wasa da fenti kamar yaro da kunu. Da makauniyar kaza aka tsoma wa ƙafa a boya aka sake ta a kan katakon, da abin da za ta yi ke nan. Ko da a ce uwarsa ce ta tsaya a nan, mutumin bai ɗauko ta ba. Wannan dunƙulen laka ba uwar kowa ba ce.

Da magariba ya koma Darussalam ya faɗa wa Inna Kubra. Ta ce, "Ba ka gan ta ba ke nan?"

"Babu abin gani, Inna. Mahaukacin da kuka ce, mahaukacin ne. Ya cuce ku, ya cuce ni."

"Ikon Allah. Mu dai ba mu taɓa zuwa mun leƙa ba, kunya ta hana." Ta ƙara da cewa, "In na samu sarari zan zo in ga haukan da idona."

Washegari ya zo da kayan aikinsa daga Shajara, kuma ya zo da niyyar nuna wa mamacin yadda ake aiki. Usta na gaske ba ya shafa fenti a kan tudu. Boyar mota ba ta zama sai a kan wuri mai santsi, in ba haka ba ta yi ƙuraje, kowa ya gani ya yi dariya. Don haka sai an fara da sanfara, takardar nan mai yashi, a goge har a isa katako, a cike ramuka da ma'ajun, kwaɓin nan na toshe rami, a sake gogewa, sannan a shafa. Haka aka koya masa, haka ya yi shekara da shekaru yana yi, bai ga dalilin da zai sa ya canza don wani ɗan mufattish ba. Allunan kuwa na katako ne, sun karɓi sanfara kamar ƙofar lori.

Da ta tsakiyar ya fara. Tsohon fentin ya yi tauri, amma da ya danna sai ya soma zubowa gari-gari, ruwan ƙasa da shunayya da kore, yana taruwa a kan cinyarsa yana shiga hancinsa. Ya yi atishawa, ya tofar, ya ci gaba. Wani daɗi ma yake ji, irin na mai cire ƙaya. Kafin azahar wurin ya yi fes, siffar mace ta farin katako a tsakiyar hargitsin. Ya share garin da tsintsiya ya watsa a kwata.

Sannan ya zauna ya yi aikin da bai taɓa yin irinsa ba. Ya yi mata farin tob mai bakin zinariya, kowace lanƙwasa a inda ya kamata. Da ya zo fuska ya daɗe riƙe da buroshi, sai ya ce a ransa tunda wancan ya kasa, shi bari ya yi. Ya zana idanu manya masu kwalli irin waɗanda direbobi ke so, ya ja bille a kuncin hagu, ya buɗe leɓe kaɗan ya sa wushirya. Ya kai hanci ya duba, ya bi da yatsa bayan ta bushe, babu tudu ko na ƙwayar gero. Bai ji komai a ransa ba da ya dube ta, amma ya ce gajiya ce.

Haka ya bi sauran matan cikin kwanakin da suka biyo, a lungun nan mai zarni, kullum allo a kan gwiwa. Mai shuɗin tob, mai ruwan hoda, mai kore. Ustaz Rashid kan leƙo ya ce ma sha Allah, yanzu ne suka zama 'ya'yan mutane, ko da yake a muryarsa akwai ɗan abin da ya yi kama da hasara. Ya rage saura wata 'yar ƙarama a gefen babban allon, wadda ta tsuguna a bakin ruwa, sai ranar buɗewa ta zo. Tun da safe Ustaz Rashid ya sa aka kwashe allunan aka kai zaure aka rataye, ya ce Sabitu ya ƙarasa wannan a can, maza-maza, kafin la'asar.

A ranar ce aka rufe Suk Libya, aka ce kowa ya fita jerin gwanon goyon baya. Inna Kubra ta ce ita gwiwarta ba ta jerin gwano ba ce, ta yafa tob ɗinta ta hau hafila ta zo. An wanke daɓen zauren yana ƙyalli, mai gadi ya dubi ƙurar Darussalam a silifas ɗinta ya ce ta tsaya nan bakin ƙofa. Sabitu na can ƙarshen zauren gaban babban allon, ya riga ya naɗe sanfara a yatsa, sai ya ji muryarta tana cewa a kira mata ɗanta. Ya ajiye ya taho.

"Sannu da hanya, Inna. Bari in yi masa magana ya bar ki ki shiga."

Ba shi take kallo ba, ta bayan kafaɗarsa take kallo, bakinta a ɗan buɗe. Can ta ɗaga hannu a hankali ta nuna.

"La ilaha illallahu. Ga ni can."

Sabitu ya juya. Tunda ya fara bin zanen mutumin nan bai taɓa tsayawa da tazara irin wannan ba, kuma da farko bai yarda allon da ya wuni a gabansa ba ne. Ruwan tur'a na tafiya. Hantsi ya faɗo a kansa ya farfashe, inuwar bishiyoyin maina na rawa a gefe, har zafin ranar kamar ana jin sa. A bakin ruwan kuwa ga wata yarinya ta tsuguna, ta sunkuyar da kai ta manna shi da kafaɗa tana ƙunshe dariya. Ba ta da ido, ba ta da hanci, amma Inna Kubra ce, babu ko tantama. Haka take yi har gobe in abu ya ba ta dariya a gaban baƙo. Koren da ya raina a haɓar matan, ashe hasken ruwa ne ke dukan fuska daga ƙasa.

A tsakiyar wannan duka ga matansa a jere, sumul, a sandare, kamar hotunan da ake mannawa a gwangwanin alewa. Ba rana a jikinsu, ba iska. Ƙyamar da Sabitu ya yi makonni yana yi wa mamaci ta juyo ta same shi a tsaye.

Inna Kubra ba ta lura ba, murna ta ɗauke ta. "Wallahi ranar ce. Dubi, ga inda muke shanya. Ni dariya nake yi don Rakiya na kwaikwayon tafiyar mutumin. Tana nan tsaye a gabana, ta riƙe ƙugu, da cikinka ma a lokacin, ya fara fitowa." Ta ƙanƙance ido tana bin allon. "To ina take? Nan ne wurinta, nan tsakiya. Wace ce wannan 'yar tsanar mai farin tob?"

Sabitu ya kawar da kai daga allon.

"Kai ka yi wannan?"

"An ce a yi musu sutura, Inna."

"Da billen da wushiryar duk kai ne?" Ta dube shi, ta sake duban allon, ta girgiza kai. "Wannan ba Rakiya ba ce, ko a mafarki. Amma ma'alesh, ba komai, ba ka sani ba. Tunda tana ƙasa, kankare wannan abin ka fito mini da 'yar'uwata in gan ta, kai ma ka gan ta. In ya so ka mayar musu da tob ɗinsu daga baya."

Daga can cikin zaure Ustaz Rashid ya tafa hannu. "Ya usta, lokaci. Saura wannan ƙaramar, kafaɗarta a waje take."

Sabitu bai waiga ba. Ya dubi yatsunsa, har yanzu akwai garin ruwan ƙasa a ƙarƙashin faratan.

"Babu kowa a ƙasa, Inna."

"Kamar yaya babu kowa?"

"Ba a shafa boya a kan tudu. Sai da na goge ta da sanfara har katako, sannan na shafa."

"Ka goge ta."

"Na goge."

"Kafin ka goge, ka gan ta?"

"Na duba," in ji Sabitu. "Ban ja da baya ba."

Inna Kubra ta daɗe tsaye. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba, shi kuwa da ta zage shin da ya fi masa sauƙi. Ta ci gaba da kallon yarinyar da ke tsugune a bakin ruwa tana yi wa farar 'yar tsana dariya. Ustaz Rashid ya sake tafa hannu, ya tofar a bayan ƙofa. Sai ta ja tob ɗinta ta rufe kai sosai, ta juya za ta sauka daga matakala, ta yi magana ba tare da ta dubi Sabitu ba.

"Je ka, ana kiran ka. Ka goge ni ni ma. Kada ka bar ni a bakin ruwan nan ni kaɗai."